Keken Baffa Mai Sirdi Biyu

Da hantsi aka kai Baffa makwancinsa, a tsakiyar daminar bana. Ina cikin gida wajen mata, ban ga sallar ba. Da aka dawo daga maƙabarta na leƙo ta ƙofar zaure, abin da idona ya fara sauka a kai kekuna ne. An jingine su a bangon gidanmu tun daga bakin zaure har gindin darbejiya, tsofaffi, masu tsatsa, wasu da fartanya ɗaure a kariya, alamar daga gona aka taso. Masu su na zaune a tabarmi, ƙafafunsu duk taɓo.

Na ji wani dattijo ya ce, "Allah ya jiƙan Malam. Amma fa akwai faɗa." Na kusa da shi ya fara dariya, sai ya tuna inda yake, ya sunkuyar da kai. Can wajen azahar wani mutum ya iso a keken guragu daga wani ƙauye ta wajen Kunci. Hanya ta jiƙe, da hannu ya yi ta murzawa cikin caɓi har tafinsa ya yi ja. Ba wanda ya san shi a gidanmu. Ya ce wa ɗan Baffa shekaru da yawa mamacin ne ke zuwa har ƙofar ɗakinsa ya gyara masa keken, don ya san in ya lalace ba shi da hanyar kawo shi. Ya ce bai taɓa bari ya gama yi masa godiya ba, da ya fara sai ya katse shi da cewa, "Ka daina zuba masa man gyaɗa, shi ne godiyar." Mu ba mu taɓa jin wannan labari ba sai ranar.

Inna, matar Baffa, ba ta yi kuka ba har aka fita da shi. Sai da ta shiga ɗaki ta ga rigar aikinsa a rataye, baƙa ƙirin da mai, wadda ta yi shekaru tana wankewa ba ta fita, sannan ta fashe da kuka.

Mahaifina kuwa, wanda ba ya gani, yana kusurwar zaure. Kowa ya durƙusa ya ce, "Ya haƙuri, Baba?" sai ya amsa, "Da godiya," fuskarsa na kallon bango. Da liman ya matso kusa da shi sai ya ce, "Malam, ni ne babba fa. Ni aka fara haifa." Liman ya tuna masa cewa abin ba a jere yake zuwa ba. Baba ya ce, "Na sani. Faɗa kawai nake yi."

Tun kafin a naɗe tabarmin zaman makoki na ji jikoki suna ce wa baƙi, "kakanmu mai faci ne ya rasu." Nan da 'yan shekaru iyakar abin da zai rage ke nan. Shi ya sa na zauna rubuta abin da na gani da wanda aka gaya mini.

Baffa ƙanen mahaifina ne, uwa ɗaya uba ɗaya, shi ke bin sa. Da damina manomi ne kamar kowa a garinmu, inda gonar wani ke ƙarewa nan ta wani ke farawa. Sauran lokaci yana rumfarsa ta bakin hanyar Bagwai, yana gyaran keke. Ba mutum ne mai fara'a ba. In ka kawo masa keke ba zai tambaye ka me ya same shi ba. Zai ɗaga ƙafar baya ya juya ta, ya karkata kai yana saurare, sannan ya ɗago ya ce, "Wa ya taɓa shi kafin ni?" In ka ce babu, ya ce ƙarya kake. In ka faɗi sunan wani, ya ce ka mayar masa. Amma kafin ka juya ya riga ya ɗauki sufana. Yara na tsoronsa, manya na gunaguni a kansa, kuma duk wajensa suke komawa.

Shekarar da aka yi mini aure ganin Baba ya ɗauke. A hankali abin ya zo, daga gefe-gefe, shi kuma ya yi ta cewa gajiya ce. Da aka kai shi asibiti a Kano suka ce hawan jinin ido ne, ya riga ya cinye jijiyar, babu abin da za a iya. Mahaifiyarmu ta riga ta rasu. Baba mutum ne ƙaƙƙarfa wanda yake saɓa buhun gero shi kaɗai, sai ga shi ya shiga ɗaki ya ƙi fitowa. Masallacin Juma'a yana garin gaba da mu, ya daina zuwa, don ya rantse ba wanda zai ja shi da sanda mutane suna matsa masa hanya. Ya fi shekara a haka. Duk sanda na zo ganin gida sai in tarar ya ƙara ramewa, ɗakin na warin zama.

Baffa bai taɓa shiga ya yi masa nasiha ba. Ya samo tsofaffin kekuna biyu ya kai wa mai walda a Bagwai, ya tsaya a kansa aka yanke gaban ɗaya da bayan ɗaya aka haɗe su. Ya dawo da wani dogon abu mai sirdi biyu, feda huɗu, kaca biyu: ɗaya ta haɗa fedar gaba da ta baya, ɗaya ta tafi ƙafar baya. 'Yan gari suka sa masa suna raƙumi. Har Inna sai da ta tambaye shi ko lafiyarsa ƙalau.

Ita ce ta ba ni labarin ranar da ya gama. Ta ce ya tsaya a ƙofar ɗakin Baba ya ce, "Yaya, taso ka taya ni. Na haɗa wani abu, ya fi ƙarfin ƙafata."

Baba ya ce, "Makaho ne zai taya ka?"

Baffa ya ce, "Ƙafar taka ma ta makance ne?"

Gidan aurena suka fara zuwa. Ina sussukar dawa a tsakar gida na ji ihun yara, na fito na ga Baffa a gaba yana riƙe da kan keken, fuska a murtuke kamar kullum, Baba a baya, rigarsa ta jiƙe sharkaf da gumi, yana ta faɗa wai ƙanensa ba ya takawa, shi kaɗai ya kawo su. Rabon da in ji muryarsa da ƙarfi haka tun kafin bikina.

Daga nan duniyar Baba ta sake buɗewa. Juma'a, kasuwa, suna, ta'aziyya, duba gona, duk tare. Baffa na gaba yana faɗa masa hanya a gajarce: "Rami." "Yashi, taka da ƙarfi." "Gangara, huta." Bayan rasuwar mijina na dawo gida da zama, na ga yadda suke da idona, na kuma ga wahalar da ke bayan abin.

Wahalar tana ƙafar baya. A jikin cibiyar ƙafar akwai ɗan faifai mai haƙora inda kaca ke kamawa, wanda masu gyara ke kira firiwil. Shi ne yake kamawa in an taka, ya saki in an tsaya da takawa, keken ya ci gaba da gudu ƙafar mutum na hutawa. Don ƙarfin mutum ɗaya aka ƙera shi. Ƙarfin maza biyu, ɗayansu ma irin Baba, cinye shi yake yi. Na kasuwa sabo ba ya kai musu daga damina zuwa kaka. Don haka Baffa ya shiga bin masu sayen gwangwan yana tono tsofaffi na da, masu nauyi, yana ajiyewa a wata tukunya a zaure.

Kwance shi ma aiki ne. Kowace takawa ƙara ɗaure shi take yi a jikin cibiyar, har ya zama kamar an yi masa walda. Sai Baffa ya matse shi a maƙatar ƙarfe, su biyu su kama taya, ɗaya nan ɗaya can, su murɗa tare suna nishi har ya yi ƙara ya saki. Sannan ya shimfiɗa farin ƙyalle a faranti, ya sa ɗan ƙarfe da guduma ya buga murfin, wanda baibai yake kwancewa, ya zazzage 'yan boris ɗin ciki, ƙananan ƙwallayen ƙarfen nan, a hankali kada ɗaya ya gangara cikin ƙasa. A can ciki akwai wasu 'yan ƙarafa biyu ƙanana da siririyar waya ke ɗagawa, su ne ke sarƙe haƙoran ciki. Farce yake kiran su. Zai wanke komai da kananzir, ya shafa wa boris giris kaɗan don su zauna, amma farcen sai mai tsinkakke, don ya ce giris mai kauri manne su yake yi su ƙi tashi. In zai mayar, sai ya ɗaure farcen da zaren ɗinkin Inna, ya zura, sannan ya zare zaren. Ba ya magana in yana wannan aiki. Ko sallama ka yi, da kai zai amsa.

Baba kuwa da kunne ya san firiwil ɗin. Yana zaune daidai samansa, in suna gangara yana jin ƙas-ƙas ɗinsa. A kan wannan suka yi rigimar da ba za a manta da ita a gidanmu ba.

Lokacin da fetur ya yi tsada ne, mutane suka jingine babura suka jawo tsofaffin kekuna daga rumbu da bayan ɗaki. Aiki ya yi wa Baffa yawa, rumfarsa ba wajen sa ƙafa. Wata Juma'a suna dawowa Baba ya ce masa, "Kukan abin nan ya canja. Farce ɗaya ne ke tashi." Baffa ya ce gobe. Goben ta yi ta ja. Wata ranar kasuwa, farkon damina, suna hawowa daga mashigar rafi, dukansu sun miƙe a kan feda, firiwil ya saki gaba ɗaya. Ƙafafunsu suka juya a banza, keken ya koma da baya ya watsar da su cikin kwazazzabo. Baffa ya ga inda zai faɗa, ya kare da hannu, ƙujewa kawai ya yi. Baba bai ga komai ba. Ƙashin kafaɗarsa ya karye, goshinsa ya tsage.

Ina riƙe da ƙwaryar ruwa lokacin da mai ɗori ke aikinsa, zaure cike da mutane. Baba bai yi ko nishi ba. Da aka gama ɗaurewa ya juya wajen da yake jin numfashin ƙanensa ya ce, "In ka gaji da ja na, da baki za ka faɗa mini. Ba sai ka jefa ni a rami ba."

Abin da Baffa ya iya cewa kawai shi ne, "Ni ma ina kan keken." Ya fita.

Daga shuka har girbin gero ba su yi wa juna magana ba, ga shi katanga ɗaya ce tsakanin ɗakunansu. Liman ya sa baki, Inna ta yi kuka, ni ma na durƙusa wa kowannensu. Baba ya koma ɗaki kamar farkon makantarsa. Baffa ya san shi ne da laifi, amma bakinsa bai taɓa iya furta a yi haƙuri ba tun da aka haife shi. Sai bayan an ɗaure dammunan gero, wata safiya, ya shigo da faranti ya ɗora a cinyar Baba. Firiwil ɗin nan ne a buɗe. Ya kamo yatsan yayansa ya ɗora a kan wayar da ta karye.

Ya ce, "Ga ta nan. Ka faɗa, ban ji ba."

Baba ya daɗe yana shafa ta. Sannan ya ce, "Miƙo kananzir."

Tun daga ranar wankin boris ya koma hannun Baba, yana bin su ɗaya-ɗaya da yatsa, wanda ya ji ya yi kaushi ya ware shi gefe. Suka koma hawa. Amma Baba bai janye maganarsa ba, Baffa kuma bai manta ba. Inna ta gaya mini bayan rasuwar cewa yana kwance cikin ciwo ya tambaye ta, "Kina ganin da gaske ya ɗauka na gaji da shi?" Ta ce masa zafin karaya ne. Ya ce, "To," ya juya wa bango fuska.

Ciwon suga ne ya kama shi, an daɗe ba a gane ba. Guntun wayar taya ya soke shi a tafin ƙafa a rumfa, ɗan ciwon da a da zai shafa masa baƙin mai ya wuce, sai ya ƙi warkewa. Ya ruɓa, aka yanke yatsu biyu, aka ce ya riƙa zuwa asibiti wankin ciwo. Ɗansa ya ce zai riƙa kai shi a babur. Baba ya ce a'a, shi zai kai shi. Baffa ya zauna a ƙasa, ƙafa a naɗe da bandeji, ya cire kacar da ta haɗa fedojin, ya ɗaura guntun itace inda zai ɗora ƙafar. Haka suka riƙa tafiya: na gaba yana riƙe da kai ba ya takawa, na baya, tsoho mai furfura, yana tuƙa su su biyu. In sun dawo sai Baba ya kwanta a tabarma ƙirjinsa na sama da ƙasa, ba ya iya amsa sannu. Na roƙe shi ya bari. Ya ce mini, "Shekara nawa yana yi mini? Ki bar ni."

Ƙarshen tafiyar daga bakin Baba na ji shi. Ya ce ya fara lura ƙanensa ya daina cewa "rami." Sai dai kawai su faɗa ciki. Hanyar da ya san Baffa zai bi ido a rufe, sai ya ji suna shiga yashi, suna gogar ƙaya. Wata rana da rana tsaka, suna dawowa daga asibiti, ya ji ganyen dawa na dukan fuskarsa. Sun bar hanya sun shiga gonar mutane. Ya sauke ƙafafunsa ƙasa.

Baffa ya ce, "Ba mu iso ba."

Baba ya ce, "Tun yaushe?"

Baffa ya ce, "Tun bayan ƙaramar salla. Inuwa-inuwa nake gani. Likita ya ce sugan ne."

"Kuma kake ja na a haka."

"In na faɗa, ɗaki za ka koma."

Suka tsaya a nan cikin dawa, ɗaya ba ya iya takawa, ɗaya bai san ina hanya take ba, har wani mai amalanken shanu ya ji muryarsu. Ina ƙofar gida na ga shigowarsu, suna zaune kafaɗa da kafaɗa a kan amalanke, dogon keken a kwance a bayansu, ƙafarsa ta baya ta leƙo waje. Ba su sake hawansa ba.

Abin da ya biyo baya ba ni son tsawaita shi. Ƙafar ta yi baƙi har idon sawu. Aka ce a yanke daga gwiwa, ya ƙi, da ya yarda kuma lokaci ya ƙure, ƙoda ta taɓu. Aka dawo da shi gida. Jikinsa ya kumbura, ɗakin ya yi warin da turare ba ya rufewa, masu dubiya suka koma tsayawa daga bakin ƙofa. Baba ne kawai bai matsa ba. Ya sa aka kai masa buzunsa gefen gadon, yana zaune hannunsa a kan ƙirjin ƙanensa yana karatu. Shi ya fara sanin rai ya fita. Gari ya waye, ina hura wutar kunu, na ji ya kira Inna da muryar da ban san shi da ita ba, ya ce ta zo ta rufe masa ido, shi ba ya son ya lalube fuskar.

Ɗan Baffa yaron kirki ne. Juma'ar da ta biyo bayan sadakar bakwai ya ɗauki Baba a babur zuwa masallaci. Da suka dawo na tambaye shi ya hanya. Ya ce, "An kai ni, an dawo da ni." Juma'ar gaba ya ce jikinsa ba daɗi. Har yau bai sake zuwa ba. Abincinsa ya ragu, ya koma yin salla a zaune, kuma wannan karon babu wanda zai tsaya a ƙofar ɗakinsa ya yi masa gatse har ya tashi.

Kwanan baya na kai masa fura da la'asar. Na ajiye zan fita ya ce in zauna. Ya daɗe yana juya ludayi bai sha ba. Sannan ya ce, "Ke da kike gani, gaya mini. Yaya kamanninsa suka koma?"

Ban gane ba da farko. Sai na tuna rabon da ya ga fuskar ƙanensa tun Baffa na da baƙin gemu, tun ina amarya, ga shi yanzu 'yata ta fari tana goyo. Na ce masa gemun ya yi fari fat, har gira. Na ce kumatunsa sun faɗa, haƙoransa na gaba biyu sun zube, bayansa ya ranƙwafa saboda sunkuyo, goshinsa ya yi layi-layi masu zurfi. Ina faɗa yana gyaɗa kai a hankali.

Ya ce, "Ashe ya tsufa."

Na ce, "Ya tsufa, Baba."

Ya ajiye ludayin. Ya ce, "Muryarsa ba ta nuna ba. Ni kuwa ina ta yi masa faɗa kamar yaro."

A nan ne ya yi kukan da bai yi ba ranar jana'iza. Na zauna kusa da shi har aka kira magariba, furar na nan ba a taɓa ta ba.

Ya Allah, ga bawanka nan ya zo maka. Ka san zafin bakinsa, ka kuma san abin da hannunsa ya yi. Ka yafe masa, ka yalwata masa kabarinsa, ka haskaka masa shi. Wanda ya bari a ɗaki kuma, ka sanyaya masa zuciya.